Yadda Barin Gonar Kafili Ya Ci Mini Aure

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wasiƙun da mutane ke aiko muku, ina cewa a raina ni dai ba zan taɓa tona cikina a bainar jama'a ba. To ga shi yau na zauna ina rubutawa. Ina roƙo kada a sa sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Ni mutumin Gadarif ne a gabashin Sudan, daga wani ƙauye kusa da Mafaza a bakin kogin Rahad. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a nan don su nemi guzuri, zangon da har yau ba a tashi ba. Lokacin da abin nan ya fara ina da shekara ashirin da bakwai, ga ƙarfi ga zafin kai, kuma ban yarda akwai wanda ya isa ya taka ni in yi shiru ba.

Gonarmu ta gado ba ta riƙe gida, saboda haka da damina ta kankama sai mu hau lori zuwa manyan gonakin Gadambaliya, inda tarakta ke shuka dawa da riɗi har iya ganinka. Tarakta ke shuka, amma cire ciyawa da yankan riɗi sai hannu. A can ba a ɗaukar mutum aikin wata ko na shekara. Guwal ake yi, wato jinga: ku haɗu ku biyar ko goma, wakilin mai gona ya zagaya da ku fili, ku yi ciniki, a ba ku gari da busasshen kifi da mai, ku sauka a kambo, bukkokin da ma'aikata ke kwana. In kun gama ku karɓi haƙƙinku ku yi gaba. In kuma wakili ya kawo raini tun ba a gama ba, ba a dogon surutu. Ka ɗauki laujenka da jarkar ruwanka, ka yi masa sallama, ka bi gefen gona har ka hango hayaƙin wani kambon. Ba mai bin ka, ba mai cewa ka yi laifi. Lokacin yankan riɗi ma su ke lallashinmu, don in ya nuna kwana kaɗan ne zai fashe ya zube. Ni kuwa na yi suna wajen wannan tafiya. Akwai daminar da na sauya kambo huɗu, ɗaya ma don kawai wakili ya kira ni da fito. Abokaina har tsokanata suke wai kada a ba ni tabarma, a nuna mini dai inda zan tsuguna.

Duk da haka, gani nake a ɗaure nake. A gida Baba ke yanke komai. Kawunaina uku kowanne yana da baki a kan inda na je da wanda na zauna da shi, ka sha shayi a kasuwa da wanda ba sa so, labari ya riga ka isa gida. A waje kuma wata damuwar ce: in ka hau mota zuwa Shuwak aka tsaya a shinge, sai a dube ka a tambayi ƙabilarka, ko da Larabcinka ya fi na mai tambayar. Da na je neman takardar ɗan ƙasa sai da na kawo dattawa suka shaida a nan aka haifi ubana, a ƙasar da kakana ke kwance a cikinta. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Sai ga waɗanda suka je Khalij, wato ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, suna dawowa hutu da fararen jallabiyoyi, ƙamshi na tashi, suna cewa a can ba ruwan kowa da ɗan wa kake, aikinka kawai ake dubawa, wuta ba ta ɗaukewa, ba kawu ba gwaggo. Ba su ba mu sauran labarin ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina da mata a lokacin, aurenmu bai cika shekara biyu ba. 'Yar maƙwabtanmu ce, tare muka taso. Mace ce mai baki, ba ta ɓoye abin da ke ranta, kuma shi ya sa nake sonta. Ranar da na gaya mata an samo mini bizar aikin gona a wata ƙasa ta Khalij, tankaɗe take yi, cikinta wata biyar. Ba ta ko ɗago ba ta ce mutumin da bai iya wata guda a kambo ɗaya ba, shi ne zai yi shekara biyu a ƙarƙashin mutum ɗaya? Na ce can ba irin nan ba ne, can akwai doka. Ta ce to Allah ya sa dokar ta san halinka. Muka yi dariya. Na yi mata alkawarin shekara biyu cif, in dawo in gina mana ɗakin bulo nesa da idon kawunaina. Ta ce ita dai in dawo, ko da hannu rabbana ne. Na bar ta a gidanmu, a hannun Baba da Inna, kamar yadda ake yi.

Kafili, wato mutumin da sunansa ke kan bizata, shi ya ɗauke ni a filin jirgi. Tun a mota ya karɓi fasfona ya ce zai ajiye mini kada ya ɓata. Na yi masa godiya, Edita, har da addu'a. Gonar tana cikin hamada, tafiyar awa biyu daga gari: dabino, ciyawar dabbobi, da garken tumaki, an zagaye duka da waya. Mu biyu ne ma'aikata, ni da wani mutumin Asiya mai furfura da ya shekara tara a wurin. Ba zan yi wa kafilin ƙarya ba, yana biyan albashi, yana kawo shinkafa da kaji, wuta kuwa ba ta taɓa ɗaukewa ba kamar yadda aka faɗa. Amma ƙofar gonar da kwaɗo take, makulli na wurinsa. In ina son Juma'a sai ranar da ya ga dama ya kai ni. Ko aski nake so sai na roƙa. Ba wanda ya tambaye ni ƙabilata, wannan gaskiya ne, domin ba wanda ya tambaye ni komai. Wata bakwai na yi a haka. A ciki aka haifa mini 'ya mace, na ji kukanta ta waya ina tsaye a tsakiyar tumaki.

Ranar da abin ya faru kafili ya zo da baƙi za su yi yanka. Da safen wata tunkiya ta mutu wurin haihuwa, na yi iya ƙoƙarina ban ceto ta ba. Da ya gani sai ya hau ni da faɗa a gaban mutanensa. Na yi shiru, dukiyarsa ce. Sai ya cire baƙar igiyar nan da suke ɗaure ƙyallen kai da ita, ya tsula mini a wuya, ya kira ni bawa. Baƙin suka yi dariya, mutum ɗaya ne kawai ya kau da kai. Ban rama ba, ban zage shi ba. Na wanke hannuna, na ƙirga wa abokin aikina tumaki don kada a ce na tafi da wani abu, na sa kayana a jaka. Sannan na je har inda suke zaune na yi sallama, na ce na bar aikinsa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ya ce ina za ka? Na ce inda ake ganin mutuncin mutum. Ya yi dariya ya ce to bismilla, ga ƙofa a buɗe. Abokin aikina ya biyo ni yana riƙe mini hannu yana ta cewa la, la, mushkila kabir, wato a'a, babbar matsala ce, idonsa ya kawo ruwa. Na ɗauka tsoro ne irin na wanda ya daɗe a ƙarƙashin mutum. Na fita da rana tsaka, kaina a sama. A zatona gonaki ne birjik a ƙasar, gobe in kama wani aikin.

Wani direban tankar ruwa ya rage mini hanya, daga nan na nemi unguwar da aka ce akwai mutanenmu a wani babban birni. Kwana uku da fitata saƙo ya shigo wayata cewa an rubuta ni cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Na yi tsaki, don na san ban gudu ba, sallama na yi a gaban shaidu. Na nuna wa wani dattijo Bahaushe mai sayar da goro a bakin masallaci, wanda ya samo mini wurin kwana. A can aka haife shi, iyayensa mahajjata ne da suka zauna, bai taɓa mallakar takarda ba, kuma ya ce rabonsa da tsallake babban titin bayan unguwar ya fi shekara ashirin. Ya karanta saƙon sau biyu ya ajiye wayar a hankali. Ya ce ɗana, wannan shi ake kira hurub. A nan ba a barin aiki, sai dai a sallame ka, wanda ya fita da ƙafarsa, ko shela ya yi, gudu ya yi. Ya ce daga yau iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, ta mutu: ba mai ɗaukata aiki a fili, ba asibiti, ba banki, ba jirgi. Amma akwai 'yan kwanakin da kafili zai iya janye ƙarar, in na yi sauri.

Dattijon da kansa ya kira kafilin, ya kwantar da murya yana ba shi haƙuri. Kafili ya ce abu ɗaya yake so: in dawo ranar da baƙin nan za su sake taruwa, in sumbaci kansa a gabansu, in ce na yi kuskure. Dattijo ya kashe waya yana murna, ya ce wallahi ka yi sa'a. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce ni aka daka, ni aka zaga, kuma ni zan je sumbatar kai? Ko ubana bai taɓa sa ni haka ba. Dattijo ya ce ɗana, minti ɗaya ne, ka tuna kana da mata da jaririya. Na ce su ma ba za su so in wulaƙanta ba. Ban tambaye su ba, Edita, ni na yanke musu. Na zauna ina jiran kafili ya neme ni, kamar yadda wakilai ke aikowa a lallashe mu in riɗi ya nuna. Shi kuwa ko a jikinsa, ya sa aka kawo masa wani daga wata ƙasar. Sai bayan wata biyu, da yunwa ta fara gyara mini tunani, na kira shi na ce na yarda. Ya ce ya zol, yadda suke kiran 'yan Sudan, lokaci ya wuce, magana ta shiga na'ura, ko shi yanzu ba shi da iko da ita. Ban ji mugunta a muryarsa ba, har cewa ya yi Allah ya sauwaƙe.

Daga nan na shiga rayuwar ɓoyo. Na yi dako a kasuwar kayan miya, na wanke motoci, daga baya na samu gashin agashe a bayan wani gidan abinci, a wani lungu marar taga inda masu ci ba sa ganin mai gasawa. Mu takwas ne a ɗaki ɗaya, kowa da irin tasa. Na koyi gane motar sintiri tun daga nesa, na koyi bin gefen bango, na koyi ba da haƙuri in wani ya taka ni. Mai gidan abinci in ya ga dama ya zage ni tas, ni da na bar kambo saboda fito, sai in sunkuyar da kai. Haƙorina ya yi ciwo wata guda, wani abokin ɗaki ne ya cire mini shi da awartaki. Daga ɗakinmu zuwa wurin aiki taku ɗari uku ne da 'yan kai, kuma shekara huɗu duniyata ba ta wuce nan ba. Tituna masu faɗi da manyan kantuna, sai dai in hango su kamar hoton kalanda. A nan na fara kallon Gadarif da wani ido. Can ana tambayata ƙabila a shinge, amma bayan tambayar ana barina in wuce. Kawunaina suna sa mini ido, amma in na yi fushi ina iya hawa lori in yi wata uku ba mai kama ni. Ban ce can aljanna ce ba, har gobe ina jin zafin abin da ake yi mana. Sai dai can ƙafata tawa ce.

Babban laifina ba fitar ba ce, ba ma ƙin sumbatar kan ba. Ƙarya ce. Ban gaya wa kowa a gida ba. Ɗan abin da na samu sai in ba wani mai iƙama ya aika da sunansa, in ce musu hanyar ta fi sauƙi. Na ari jallabiya na tsaya a gaban motar wani aka ɗauke ni hoto. Da shekara biyu ta cika matata ta tambaya, na ce kafili ya roƙe ni in ƙara shekara, wai ba ya iya yi ba ni. Shekara ta uku na ce bayan Babbar Sallah. Ta huɗu na ce ana gyaran takardu. Duk Juma'a bayan la'asar muke waya, takan sa yarinyar ta ce Baba, yarinyar ta faɗa ta gudu. Da farko tana tsokanata, wai in wata Balarabiya ce ta riƙe ni in faɗa mata ta aiko da gudummawa. Daga baya tsokanar ta ragu, ya zama sai gaisuwa da labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu. Ina jin yadda muryarta ke canzawa, amma kunyar a tasa ƙeyata zuwa gida kamar ɓarawo ta fi ƙarfina. Kullum cewa nake bari in ɗan tara tukuna.

A shekara ta biyar na gaji, na yanke shawarar in miƙa kaina a mayar da ni gida, ko me za a ce a ce. A nan na gane ashe ko kamun ma ba a hannunka yake ba. Ni da na shekara huɗu ina gudun motar sintiri, sai ga ni tsaye a bakin titi ina jiran ta, ta zo ta wuce ni har sau uku. Na je inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, mai gadi ya ce wuri a cike yake, in kawo takardar tafiya tukuna. Na nemi kafili don fasfona, aka ce ya sayar da gonar ya bar garin, lambarsa ma ba ta shiga. Inda ake ba da takardar tafiya aka ce sai na kawo shaidar ɗan ƙasa, ita kuwa tana cikin akwatin ƙarfen Baba a ƙauye. Ba yadda zan sa a ɗauko ta ban faɗi dalili ba. Haka na kira Baba na kwashe komai na gaya masa. Ya ce innalillahi, shekara biyar kana raina mana hankali? Ya ce zai aiko. Kafin takardar ta iso yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu. Ofisoshi suka rufe, jirage suka tsaya, aka daina mayar da kowa. Duk wanda na tambaya sai yaushe, sai ya ce Allah kaɗai ya sani.

Juma'ar da ta biyo baya matata ta kira ni da kanta. Na shirya jin kuka ko zagi, ban samu ko ɗaya ba. Ta ce ta ji komai a wurin Inna. Ta ce da tun ranar farko na faɗa mata, da ita za ta ce in je in sumbaci kan, in ma ƙafa ce in sumbata, in na dawo mu wanke bakin tare. Sannan ta ce bari ita ma ta ba ni nata labarin, tunda ban taɓa tambaya ba. Shekara biyar tana ɗaki ɗaya a gidan surukai. Yayarta ta haihu a Shuwak har sau biyu, Baba ya ce matar da mijinta ba ya nan ba ta kwana a wani gari, sai ya dawo. Ta so ta riƙa dama godogodo, irin kunun geronmu, tana kaiwa kasuwa kamar sauran mata, kawunaina suka ce matar mutumin Khalij a kasuwa, me za a ce da mu? In ta yi lalle a ce don wa, in ta yi dariya da ƙarfi a ce ta manta da mijinta. Ta ce Inna tana riƙe da ita kamar 'yar cikinta, amma komai ta nema amsar ɗaya ce, sai ya dawo. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ta roƙe ni abu ɗaya: in faɗa mata wata ko shekara, ko da nesa ne, amma na gaskiya, za ta jira. Na buɗe baki in ce bayan Sallah, sai na ji ba zan iya ba. Na ce mata wallahi ban sani ba. Ta ce to, ta gode da wannan.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Ina gasa nama hawaye na zuba, abokan aiki suna cewa hayaƙi ne, na bar su a haka. Duk shekarun nan ina tsine wa mutumin da ya hana ni gaba ya hana ni baya, ashe ni ma akwai wadda na yi wa haka, ita kuwa ko laifin fita ba ta yi ba. Na gaya wa dattijon nan mai goro. Ya ce kada in yi gaggawa, mata suna jira, tasa uwar ta jira ubansa shekara goma. Na ce ta ji daɗin jiran? Sai ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa. Mahaifinta bai taɓa neman in sake ta ba, ita ma ba ta furta ba, kuma na san in na yi shiru za ta zauna a ɗakin nan har ta tsufa. Wata rana da hantsi na kira surukina, na gaishe shi, na ce Baba ina so a kira mutum biyu su saurara. Ya gane. Ya ce ɗana ka yi tunani? Na ce na yi. Na sake ta saki ɗaya, na ce in ta gama idda kada a hana ta abin da ta ga ya fi mata, na roƙi a bar mata yarinyar. Ina sonta a ranar fiye da ranar da aka ɗaura mana aure, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan hantsin ba. Na ajiye waya na koma bakin wuta, don akwai masu jiran nama.

Sai da na ƙara shekara ɗaya da rabi kafin hanya ta buɗe. Na yi makonni a tsare, aka ɗauki zanen yatsuna, aka ce kada in sake takowa ƙasar, sai ka ce marmarinta nake. Jirgin ruwa ya sauke mu a Sawakin, na iso Gadarif da leda ɗaya a hannu. Gari ya cika da waɗanda yaƙi ya koro, kowa da abin da ya dame shi, ba wanda ya kula da abin kunyar da na shekara shida ina gudu. Baba ya rungume ni. Ita kuwa ta yi aure wata biyar kafin in iso, da wani mai lambu a bakin Rahad, mutumin kirki da na sani tun muna yara. Wata biyar, Edita. Na sha zama ina cewa da na yi shiru da na same ta a ɗakinta. Amma ranar da na yi sakin ban san wata nawa ya rage ba, ita ma ba ta sani ba. Yanzu tana da rumfarta a kasuwar Mafaza. Na taɓa hango ta daga nesa tana auna wa wata mata abu tana dariya, na canza hanya.

'Yan'uwana masu shirin tafiya, ba zan ce kada ku je ba, don na san abin da ke korar mutum daga gida, kuma akwai waɗanda suka je suka dace. An ce ma an sassauta wasu dokokin yanzu, Allah ya sa haka ne. Amma kafin ka tambayi nawa ne albashi, tambayi yadda ake barin aikin in ya ƙi. Kada ka ba kowa fasfonka da sunan ajiya. Abin da yake al'ada a garinku yana iya zama laifi a garin wasu, saboda haka in an wulaƙanta ka, nemi wanda ya daɗe a ƙasar ka ji ta bakinsa kafin ka taka ƙofa. In kuma ka riga ka faɗa, gaya wa na gida gaskiya tun a makon farko, musamman matarka, domin zaman da kake yi ba kai kaɗai kake yin sa ba. Kunyar da na ji tsoro ba ta yi kwana uku a bakin mutane ba, ƙaryar kuwa ta raba ni da gidana. Ku ma iyayen da ake bar wa matan 'ya'yanku, ku riƙa sassauta musu, ba su suka sa hannu a takardar ba.

Ranar Juma'a ake kawo mini yarinyar gidan Inna. Ta shiga shekara bakwai, bakin uwarta ta ɗauko sak. Takan durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo, ta karɓi abin da na saya mata da hannu biyu, ta zauna can gefen tabarma. In ta gaji sai ta je ta raɗa wa kakarta ko lokacin komawa gida ya yi. Inna takan dube ni, tana so in ce ta ƙara zama kaɗan. Ni kuwa ban taɓa cewa ba. Nakan tashi in nemo mata takalminta, in raka ta har ƙofar gidansu.